Dalar da ke ɓoye cikin farashin na'urar wasan bidiyo

Duk wanda ya daɗe yana bibiyar harkar wasannin bidiyo ya san wata ƙa'ida da ba a rubuce take ba, wato idan sabuwar na'ura ta fito da tsada sai mutum ya yi haƙuri, domin bayan shekara biyu ko uku farashinta zai sauko da kansa. PlayStation 2 ta shiga kasuwar Amurka a shekarar 2000 a kan dala 299, ta koma dala 199 a 2002, a 2009 kuma ana sayar da ita dala 99. Dalilin a fili yake: kayan haɗi suna yin arha yayin da suke tsufa, masana'antu suna ƙwarewa wajen ƙera su, kamfani kuma yana son jawo waɗanda ba su iya saye da farko ba.

PlayStation 5 ce ta karya wannan ƙa'ida a bainar jama'a. Ranar 25 ga Agustan 2022, kusan shekara biyu da fitowarta, kamfanin Sony ya sanar da ƙarin farashi a Turai da Birtaniya da Japan da Sin da Ostireliya da Kanada da Meziko. A Turai ta tashi daga yuro 499.99 zuwa 549.99, a Birtaniya daga fam 449.99 zuwa 479.99. Jim Ryan, wanda ke jagorantar sashen wasannin kamfanin a lokacin, ya ɗora alhakin a kan hauhawar farashin kayayyaki a duniya da kuma yadda canjin kuɗi ya juya musu baya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a sanarwar shi ne ƙasar da aka tsallake. Amurka, wadda ita ma take fama da hauhawar farashi mafi tsanani cikin shekara arba'in a daidai wannan lokaci, ba a ƙara mata ko sisi ba. Da hauhawar farashi ce kaɗai matsalar, da Amurkawa ma sun ɗanɗana. Abin da ya raba su da sauran shi ne su da dala suke biya.

Kafin a gane dalilin da ya sa dala ta zama ma'auni, sai an buɗe na'urar an duba abin da ke cikinta. Ƙwaƙwalwar PlayStation 5 da ta Xbox Series, na'urar kamfanin Microsoft, kamfanin AMD na Amurka ne ya tsara su, kamfanin TSMC na Taiwan kuma shi ke ƙera su. Ta Nintendo Switch daga Nvidia take. Ma'adanar bayanai da makamantanta galibi daga Samsung ko SK Hynix na Koriya ta Kudu suke fitowa, ko Micron na Amurka, sannan a harhaɗa komai a masana'antun Sin, ko kuma na Biyetnam da maƙwabtanta. Waɗannan ƙasashe kowace da kuɗinta, amma cinikin kayan lantarki tsakanin manyan kamfanoni yawanci da dala ake ƙulla shi, haka ma kuɗin dakon kaya a jiragen ruwa. Saboda haka tun kafin a lulluɓe na'ura a kwali, an riga an san ko dala nawa ta ci. Farashin da ake gani da yuro ko fam ko yen wani hasashe ne kawai da kamfani ya yi, cewa idan aka tattara kuɗin aka mayar da su dala, za su rufe abin da aka kashe.

Wani abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne na'urar wasa ba haja ba ce mai kaurin riba. Sony da Microsoft sun saba sayar da sabuwar na'ura a kan kuɗin da aka ƙera ta, ko ma a faɗi a kanta, da nufin a mayar da kuɗin daga baya ta hanyar wasanni da kuɗin rajistar wata-wata da kason da suke cira a duk cinikin da aka yi a shagonsu na intanet. Mai sayar da turare ko agogon alfarma yana da faɗin ribar da za ta shanye faɗuwar kuɗi da kashi goma cikin ɗari ba tare da ya ji a jikinsa ba. Mai sayar da na'urar da tun asali ba riba a kanta ba shi da wannan sararin.

Lissafin yana da sauƙi, kuma ina ganin ya kamata a yi shi a hankali, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. A ɗauki PlayStation 5 da ke kan kanta a wani shago a Faransa a watan Nuwamban 2020, an manna mata yuro 499.99. Wannan adadi ya ƙunshi harajin sayen kaya na kashi 20 cikin ɗari, wanda na gwamnati ne, alhali farashin Amurka na dala 499.99 ba a haɗa shi da haraji ba, sai an je wurin biya ake ɗora shi gwargwadon jihar da mutum yake. Idan aka cire harajin Faransa, abin da ya rage kusan yuro 417 ne. A lokacin yuro ɗaya yana daidai da kimanin dala 1.18, ke nan na'urar ta kawo wajen dala 490, kusan daidai da abin da takwararta ta kawo a Amurka. To, a tsakiyar 2022 yuro ya faɗi har ya yi kunnen doki da dala, abin da ba a gani ba cikin shekara ashirin. Wannan yuro 417 ɗin ya koma dala 417. Ba a taɓa takardar farashin da ke jikin kwalin ba, mai saye bai ga wani canji ba, amma fiye da dala 70 sun zube a kan kowace na'ura ɗaya, a kasuwar da ake sayar da miliyoyi. Ko bayan ƙarin yuro 50, abin da ya rage bayan haraji bai wuce kimanin dala 458 ba, wato ƙarin bai ma cike giɓin ba.

Labarin Japan ya fi wannan ban mamaki, domin gidan Sony ne, kuma can ne aka fi shan wahala. A ƙarshen 2020 dala ɗaya tana kusan yen 104. A Oktoban 2022 ta haura yen 150, a Yulin 2024 ta wuce 160, faɗuwar da yen bai yi irinta ba tun 1986. Musabbabin ba ya rasa nasaba da kuɗin ruwa: babban bankin Amurka ya fara ɗaga nasa a Maris na 2022 daga kusan sifili har ya kai sama da kashi 5 cikin ɗari a 2023, shi kuwa babban bankin Japan ya bar nasa ƙasa da sifili har zuwa Maris na 2024. Masu jari suka yi ta sayar da yen suna sayen dala domin su ajiye inda ajiya ke haihuwa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke tunanin wasan bidiyo, amma sakamakon ya iso har kantin sayar da shi.

PlayStation 5 mai cin faifai ta fito a Japan a kan yen 54,978 haɗe da haraji. A 2022 ta koma 60,478, sabon samfurinta siriri ya zo a 2023 a kan 66,980, a Satumban 2024 kuma aka kai ta 79,980. Ga ma'aikacin Japan wanda albashinsa bai motsa sosai ba, wannan ƙari ne na kusan kashi 45 cikin ɗari a ƙasa da shekara huɗu. Amma idan aka cire harajin kashi 10, aka mayar da sauran dala a kan canjin wannan watan, wanda ke wajen yen 145, za a samu kimanin dala 500. Farashin ranar fitowa kuwa, idan aka yi masa irin wannan lissafi, wajen dala 480 ne. A littafin kamfani na'urar kusan tana nan inda take, a aljihun mai saye kuma ta kusa ƙara rabin kuɗinta, kuma dukansu biyu gaskiya suke faɗi.

Wani zai tambaya, kuma tambayar tana bisa hanya: ba an ce faɗuwar yen alheri ce ga kamfanonin Japan masu fitar da kaya waje ba? Haka ne, amma ya danganta da inda kamfani yake kashe kuɗinsa da inda yake karɓarsu. Nintendo yana samun wajen kashi uku cikin huɗu na cinikinsa daga wajen Japan, kuma babban ɓangare na ribarsa daga wasannin da ma'aikatansa na Kyoto suke ƙirƙira yake zuwa, waɗanda da yen ake biyansu albashi. Duk dalar da wasa ya kawo daga Amurka, idan ta iso gida sai ta zama yen mai yawa. A ɓangaren na'ura kuwa lamarin akasin haka ne: an ƙera ta da dala, idan aka sayar da ita a Tokyo da yen mai rauni, asara ce tsagwaronta. Shi ya sa za ka ga kamfani yana bayyana riba mai tsoka a rahoton shekara, a lokaci guda kuma yana kukan cewa kasuwar gida tana cinye shi, ba tare da ya yi ƙarya a ko ɗaya ba.

An taɓa ganin kishiyar wannan. A Oktoban 2011 yen ya yi ƙarfin da bai taɓa yi ba, dala ɗaya ta sauko ƙasa da yen 76. Kowace dala da kowane yuro da Nintendo ya samo a waje sai ya iso gida a ƙanƙance. A wannan shekarar ce kuma cinikin 3DS, na'urar wasan hannu ta Nintendo, ya yi sanyi har aka zaftare farashinta daga dala 249.99 zuwa 169.99 watanni kaɗan bayan fitowarta, kuma a shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris na 2012 kamfanin ya bayyana asarar wajen yen biliyan 43, karon farko da ya rufe shekara da faɗuwa cikin kusan shekara talatin. Ba canji kaɗai ya jawo ba, amma ya zuba gishiri a miki. Kafin nan, a 2009, faɗuwar fam ta sa Nintendo ya ƙara wa 'yan kasuwar Birtaniya farashin sarin na'urarsa ta Wii, a 2014 kuma Sony ya ɗaga PlayStation 4 a Kanada daga dalar Kanada 399.99 zuwa 449.99 'yan watanni bayan fitowarta. Abin da ya faru a 2022 ba sabo ba ne, faɗinsa ne kawai ya bambanta.

Farashin na'ura ba ya bin canji kullum-kullum, kuma akwai dalilai. Manyan kamfanoni suna ƙulla yarjejeniya da bankuna tun da wuri, su tsayar da farashin da za su canza kuɗinsu a kai nan da wata uku ko shida ko fiye, saboda haka girgizar farko ba ta isa gare su nan take. Akwai kuma kayan da ke jibge a sito waɗanda aka ƙera da tsohon canji. Sannan farashin na'ura talla ne a karan kansa: 499 adadi ne da aka buga a allunan talla, aka dasa a zukatan mutane, ba wanda zai so ya mayar da shi 512 yau, 507 gobe. Don haka kamfani yakan yi ta haɗiye asarar yana jiran ko kuɗin zai farfaɗo, idan ya fid da rai sai ya yi tsalle ɗaya babba, yawanci na hamsin-hamsin, har da ɗan rara saboda abin da ka iya biyowa baya. Ana kuma satar kallon abokin hamayya. Microsoft ya ƙi bin sahun Sony a 2022, amma a Fabrairun 2023 ya ƙara farashin Xbox a Japan, a watan Agustan wannan shekarar kuma ya ƙara na Series X a Turai da wasu kasuwanni da dama, shi ma ya tsallake Amurka.

A nan ne nake da ƙorafi, kuma ina ganin ƙorafin yana da tushe. Hujjar canji hanya ɗaya take bi. Yuro bai dawwama a ƙasa ba: a 2023 ya koma wajen dala 1.08, a tsakiyar 2025 ya haura 1.15. Da a ce farashi yana bin canji da gaskiya, da PlayStation 5 ta sauko a Turai. Ba ta sauko ba, illa ma dai a Afrilun 2025 aka ƙara wa samfurin da ba ya cin faifai yuro 50. Kamfani zai ce sauran kuɗaɗen ƙira sun tashi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ƙanƙantar da ƙwaƙwalwar na'ura ba ya rage kuɗi yanzu kamar yadda yake yi a zamanin PlayStation 2. Sai dai akwai wani dalilin da ba a faɗa a sanarwa, wato an gwada mutane da sabon farashi an ga sun saya, kuma ɗan kasuwa ba ya sauke farashin da kasuwa ta riga ta karɓa. Abin da mai saye kan samu in kuɗinsa ya farfaɗo bai wuce rangwamen ƙarshen shekara ba, ko a haɗa masa na'ura da wasa ɗaya kyauta, abubuwan da za a iya janyewa ba tare da an yi wata sanarwa ba.

Ya kamata kuma a yi adalci, kada a jibga wa canji laifin da ba nasa ba. Lokacin da PlayStation 4 ta fito a Brazil a 2013 a kan real 3,999 na kuɗin ƙasar, wanda ya kai kusan dala 1,800 alhali a Amurka dala 399 ce, Sony ya bayyana cewa fiye da rabin kuɗin haraji ne da kuɗin fito. Haka nan ƙarin da ya iso Amurka a 2025 ba daga canji ya taso ba, tunda da dala ake ƙerawa, da dala ake sayarwa. Ranar 2 ga Afrilun 2025, ranar da Nintendo ya bayyana farashin Switch 2, ita ce ranar da Shugaba Donald Trump ya sanar da sabon harajin shigo da kaya, har kamfanin ya ɗage karɓar odar farko a Amurka da mako biyu domin ya sake lissafi. A watan Mayu Microsoft ya kai Xbox Series X dala 599.99, a watan Agusta Sony ya ƙara dala 50 a kan kowane samfurin PlayStation 5. Ga mai saye duk ɗaya ne, kuɗi sun fita, amma ga mai son fahimtar abin da ke faruwa, haraji daban, canji daban.

Waɗanda suka fi kowa jin jiki su ne mazauna ƙasashen da kamfanonin ba su da farashi a hukumance. A can babu yarjejeniyar banki da za ta tare girgiza, babu kamfanin da zai haɗiye asara na wata shida. Ɗan kasuwa ne ya canza kuɗinsa ya sayi dala, ya saro na'urar daga wata ƙasa, ya biya dako da fito, kuma idan zai yanka farashi ba ya duba nawa ya sayo wadda ke kan kanta, nawa zai sayo ta gaba yake dubawa. Idan kuɗin ƙasar ya faɗi da safe, kafin yamma farashi ya tashi, ko da kwalin ya yi wata uku a shagon. Masu saye kan ɗauki wannan a matsayin zalunci, ni kuwa ban ga laifinsa sosai ba, domin wanda ya sayar a kan tsohon canji zai wayi gari da kuɗin da ba za su sayo masa ko da adadin kayan da ya sayar ba. Ko manyan shagunan intanet sun gaji da bin kuɗin da ba ya tsayawa wuri ɗaya: a Nuwamban 2023 dandalin Steam ya daina sayar da wasanni da kuɗin Ajantina da na Turkiyya, ya mayar da su kan dala.

Akwai tambayar da ta rage: me zai hana kamfani ya bar farashi da arha a ƙasar da kuɗinta ya faɗi, ya ɗauki asarar a matsayin kuɗin riƙe kasuwa? Amsar ita ce na'ura tana da sauƙin ɗauka. Da zarar tazarar farashi tsakanin ƙasashe biyu ta wuce kuɗin jirgi da na fito, sai 'yan kasuwa su yi layi a ƙasar mai arha, su kwashe kaya su tura inda ya fi tsada. An ga haka a Japan lokacin da PlayStation 5 take wuyar samu, inda masu sari suke saye suna fitarwa waje, ɗan ƙasa kuma ya je shago ya tarar da kanta wayam. Kamfani ya yi asara a kan na'urar da nufin zai mayar daga wasannin da ɗan Japan zai saya, sai ga na'urar ta ƙare a ɗakin wani a wata ƙasa.

Dabarar da Nintendo ya ɓullo da ita a Yunin 2025 ita ce ta fi nuna inda lamarin ya kai. Switch 2 ta fito a Amurka a kan dala 449.99. A Japan kuwa iri biyu aka fitar. Ɗaya yen 49,980, wato kimanin dala 340 a canjin lokacin, haɗe da haraji, amma idan ka kunna ta ba za ka sami wani harshe a cikinta ba sai Japananci, kuma ba ta karɓar asusun da ba na Japan ba. Ɗayar, mai harsuna da yawa, ta fito a kan yen 69,980, kuma a shagon kamfanin na intanet kaɗai aka sa ta. Ƙarfinsu ɗaya, kayan cikinsu ɗaya, bambancin yen 20,000 ɗin kuwa kusan shi ne faɗin ramin da faɗuwar yen ta haƙa. An yi amfani da harshe a matsayin shinge, ta yadda arhar za ta tsaya a hannun wanda aka yi ta dominsa. A Nuwamban wannan shekarar Sony ya bi sahu da PlayStation 5 marar faifai ta Japananci zalla a kan yen 55,000, alhali a lokacin wadda ba a kulle ba tana yen 72,980.

A ganina dabarar tana da hikima, kuma ta fi a bar 'yan ƙasa su kasa sayen abin da kamfanin ƙasarsu ya ƙera. Amma tana da nata waɗanda ta bari a baya. Baƙon da ke zaune a Osaka, yana aiki yana karɓar albashi da yen ɗin nan mai rauni kamar kowa, amma bai iya karanta Japananci ba, dole ya biya farashin da aka yanka domin masu dala. Sannan masana'antar ta shafe shekaru tana rushe shingen yanki: 3DS da Wii U a kulle suke, wasan da aka saya a Turai ba ya aiki a na'urar Amurka, sai Switch ta farko ta zo a 2017 ta buɗe ƙofa, aka yi ta murna. Yanzu shingen yana dawowa ta wata fuska, ba a kan faifan wasa ba, a kan na'urar kanta, kuma duk kamfanin da ya ga ya yi aiki a Japan yana da dalilin gwada shi a kowace babbar kasuwa da kuɗinta ya faɗi.